Wa Ya Buge?

Kawuna mahauci ne a Gumel, kuma duk Alhamis yana kasuwar Maigatari wajen sayen dabbobi. In aka zo ana zuga masa wani ɗan dambe, ana cewa bai taɓa faɗuwa ba, ko kai ba ya ɗagawa daga kan nama. Sai dai ya ce, "Wa ya buge?"

Na daɗe ina bin bayansa a kan wannan. A kara ma ba a sanin girman rago sai an tsayar da shi kusa da wani. Da Shago bai gamu da irin su Ɗandunawa ba, da Ɗan Anace bai sami abin waƙewa haka ba. Muhammad Ali ya sha kaye sau 5, har da wanda Joe Frazier ya yi masa a 1971, amma duniya ba ta manta daren Kinshasa na 1974 ba, da ya kwantar da George Foreman a turmi na 8, alhali ba wanda ya taɓa cin Foreman kafin nan. Shi kuwa Rocky Marciano ya yi karo 49 bai faɗi ko sau ɗaya ba, ya ajiye dambe a 1956, duk da haka har yau ana yi masa gori cewa Joe Louis ɗin da ya buge a 1951 ya riga ya kai shekara 37.

Wannan gorin ne ya fara damuna. Shin Marciano ne ya zaɓi shekarar da aka haife shi? Abokin karo rabo ne, kamar damina. Allah ke kawo shi a lokacin da Ya so. In muka auna mutum da ƙarfin waɗanda suka zo a zamaninsa kaɗai, mun yi masa hisabi a kan abin da ba ya hannunsa, kuma addininmu bai koya mana haka ba: wanda dukiyarsa ba ta kai nisabi ba, ba a binsa zakka. Abin da ke hannun ɗan dambe shi ne, in aka ja shi, ya tashi ko ya noƙe.

Na ga hakan da idona wata kaka, ina tare da kawu, a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar, bayan an gama ɗaure gero. Wani ƙato daga Nijar ya shigo fili, ya miƙa hannu ga ɗan damben da masu kalangu suka yini suna wasawa. Gwanin ya dubi zaren hannunsa, ya girgiza kai, wai hannun ya kumbura. Sai wani yaro siriri, wanda ko kirari ba a yi masa ba, ya miƙe yana gyara warkinsa. Turmi biyu ya riƙe ƙaton nan, leɓensa a fashe, ƙura ta rufe masa gashin ido. A na uku aka yi kisa, hannun yaron ya dafa ƙasa.

Gwanin ya koma gida ba a buge shi ba, lissafinsa bai taɓu ba. Kawu bai ko kalle shi ba. Ya ratsa mutane, ya zaro kuɗin cinikin ranar daga aljihun 'yar shararsa, ya damƙa wa yaron, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.