Maigidan da Ba Ya Ganin Yaransa

Unguwar Zango a birnin Kwatano ba ta da nisa da tashar jiragen ruwa. Wanda ya zauna kusa da babban masallacin unguwar da hantsi zai ji Hausar Maraɗi, da ta Sakkwato, da ta Kano, kowa da waya a kunne. Da yawa cikinsu ba dukiyar kansu suke juyawa ba. Mai dukiyar yana can arewa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, watakila ma shekara ta zagayo bai taka Kwatano ba. Yaronsa ne ke fitar da kwantena, ya biya kwastan, ya nemi direba, ya ɗora shinkafa ko atamfa ko motocin da aka yi amfani da su, ya sallame su.

Tun daga annobar korona ta 2020 manyan kamfanonin Turai da Amurka suke ta muhawara a kan yadda za a shugabanci ma'aikatan da ba a gani. A Zango wannan tsohon zance ne. Sunan unguwar ma daga ayari ya fito, wurin da fatake ke sauke kaya su huta. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja ta ƙasar Bargu yake ratsawa, ta Nikki da Jugu, waɗanda yau suke cikin Jamhuriyar Benin. Attajiri ya damƙa wa baransa dukiya, ya sa shi a hannun madugu, sai bayan watanni masu yawa ya ji ko riba aka yi ko 'yan fashi sun tare hanya. Me ya hana baran gudu da kayan?

Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963 yana bin sawun wannan tambaya. Ya tarar da masu shanu daga arewa suna barin dabbobinsu a hannun maigida, shi kuma dillalansa su sayar wa mahautan Yarabawa bashi. Babu takardar kotu, babu banki. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin ranar da aka ce wane ya bar baƙonsa cikin hasara, ranar kasuwarsa ta mutu. Labari kuwa ba ya kwana a hanya. Wanda ya ci amana a Ibadan, kafin ya isa Kano sunansa ya riga shi.

To, a nan akwai abin lura. Mutane in suna zancen amana, yaron kaɗai suke dubawa: zai yi gaskiya in ba ido a kansa? Amma tsarin bai tsaya da ƙafa ɗaya ba. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna abin da ke kan ubangida game da baransa. Shi ke ciyar da shi, shi ke tufatar da shi. In lokacin aure ya yi, ya ɗauki nauyin. In an haihu, ragon suna daga wurinsa yake. In kuma yaron ya daɗe yana hidima da aminci, sai a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da ke Kwatano yana riƙe dukiyar maigida, maigida kuma yana riƙe da iyalin yaron da gobensa. Kowane ɗayansu ya ajiye abu mai tsada a hannun ɗan'uwansa.

Kada mai karatu ya ɗauka duk daɗi ne. Bara ba shi da albashi yankakke, ba shi da inda zai kai ƙara. In ya faɗa hannun marowaci, sai ya yi furfura yana jiran jarin da ba zai zo ba, a garin da ba nasa ba. Tsarin ya dogara ga halin mutum ɗaya, hali kuwa ba kowa Allah ya ba mai kyau ba.

Sai waya ta zo. Yau maigida a Maraɗi yana iya cewa a ɗauko masa hoton kwantena ta WhatsApp, a nuna masa takardar kwastan, a tura kuɗi cikin minti guda. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma lallai wasu ƙarairayi sun mutu. Amma maigidan da ke bugo waya sau goma kafin azahar, yana tambayar inda aka tsaya da wanda aka gaisa da shi, ya daina ba da amana ke nan, gadi yake yi. Yaron da ake gadinsa yakan koyi abu ɗaya: ya gyara abin da hoto zai nuna. Ba zai ƙara yanke shawara da kansa ba, ko da ya ga farashi na shirin faɗuwa, domin an nuna masa hankalinsa ba abin dogara ba ne. Haka yake a kamfanonin da ke sa manhaja a kwamfutar ma'aikaci tana ƙirga motsin yatsunsa a gida. Sun sami ido, sun bar nauyin da ke tafiya tare da shi. Mai aikin nesa da aka ɗauka ta intanet ana iya sallamarsa da saƙo guda, wanda ya sallame shi kuwa bai san sunan 'ya'yansa ba, ba kuma za su taɓa haɗuwa a wurin jana'iza kunya ta kama shi ba. Nisa yana ɓoye laifin yaro, gaskiya ne. Yana kuma sauƙaƙa wa babba rashin tausayi, wannan kuwa ba a cika faɗarsa ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar Zango ta ƙare sau biyu a 'yan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai kuma, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi dogon layi, kaya na lalacewa a rana. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata gefen a rufe.

A irin wannan lokaci babu abin da hoto zai nuna sai mota a tsaye. Babu ciniki, babu la'ada, amma kuɗin haya a Kwatano bai tsaya ba, cikin direba da yaron mota ma bai tsaya ba. Maigida yana da hujja in ya yi shiru, domin shi ma hasara yake yi, kuma ba yaron ne zai zo ƙofar gidansa ya tsaya masa ba. Yana kuma iya aika kuɗin cefane wata bayan wata ga mutumin da ba ya kawo masa ko sisi. Wayar da ta isa bin diddigin kwantena ita ce dai wadda ake tura kuɗin da ita, lambar yaron kuwa tana ciki.