Tagar Gilashi da Tambayar Dattijo

Duk inda aka ta da ginin sabuwar majami'a a ƙauyukanmu na ƙasar Karaye da Rogo, da zarar an gama da kwanon rufi sai magana ta komo kan tagogi. Samarin da suka je Kano ko Kaduna ko Legas, suka ga gilashi mai launi a manyan majami'u, sukan dawo da sha'awarsa. Dattawa kuwa sukan yi shiru, sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya yi tambayar da ba mu da ikon rainawa: mu da muka bar yanka wa iskoki a gindin tsamiya, yanzu kuma za mu kafa siffofi a bangon ɗakin Allah? Ga maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su daga Yammedi har Rogo, da ma wasunsu na cewa Katolika masu sujada ga hotuna ne. Za mu ba su hujja da hannunmu?

Dattijon nan yana da nassi a bayansa. A Fitowa 20 Allah ya hana Isra'ila yin siffa don su yi mata sujada. Amma a sura ta 25 ta wannan littafi shi da kansa ya umarci Musa ya yi kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, a Ƙidaya 21 kuma ya sa aka yi macijin tagulla domin wanda maciji ya sara ya duba ya rayu. Ashe abin da aka hana shi ne bautar siffa. Duk da haka kada mu yi saurin cewa magana ta ƙare, gama a 2 Sarakuna 18 mun karanta cewa sarki Hezekiya ya farfashe macijin nan na tagulla, saboda mutane sun fara ƙona masa turare. Abin da Allah ya ba da umarnin a yi ya zama gunki a hannun jikokin waɗanda ya warkar. Tsoron dattijonmu yana da tushe.

Ikilisiya ta daɗe tana fama da wannan batu. Wajen shekara ta 600, Serenus Bishop na Marsai ya farfashe hotunan majami'unsa. Paparoma Girigori Babba ya rubuta masa, ya yabe shi da ya hana a yi musu sujada, ya kuma tsawata masa da ya lalata su, domin ta wurinsu ne wanda bai iya karatu ba yake koyon abin da mai karatu ke samu a littafi. Daga baya Yohanna na Dimashƙu, wanda ya tashi a ƙarƙashin mulkin halifofin Banu Umayya, a tsakiyar Musulmi kamar mu, ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi: Allah marar ganuwa ba ya zanuwa, amma tun da Kalma ya zama mutum, aka ga fuskarsa, aka taɓa hannunsa, to abin da ido ya gani hannu yana iya zanawa. A shekara ta 787 Majalisar Nikiya ta Biyu ta yanke cewa girmamawar da aka yi wa hoto tana wucewa zuwa ga mai hoton, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Wanda ya rataye hoton marigayi mahaifinsa a ɗaki, yake share masa ƙura, ya san sarai takarda ba ta haife shi ba.

A ganinmu, cikin dukan hotuna, na taga ne ya fi wuya a mai da shi gunki. Gilashi yashi ne da toka da aka narkar a wuta, sana'ar da Masaga na Bida suka sani tun da daɗewa wajen yin duwatsun wuya da awarwaro. Ana zuba masa ƙarafa don ya yi launi, kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja ko kore, sa'an nan a yanka shi gutsu-gutsu a haɗa da dalma. Ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Wanda ya tsaya a waje da tsakar rana, baƙin allo kawai zai gani. Sai ya shiga ciki ya ga launi ya zubo a kan tabarmi da fuskokin yara. Idan hazo ya rufe rana launin ya dushe, idan dare ya yi ya ɓace. Gunki yana cewa ƙarfi yana cikinsa. Taga kuwa kowace yamma tana nuna mana cewa aron haske take yi.

Sai dai alama ba ta da amfani idan ba a iya karanta ta. Ɗan rago ba ya bukatar dogon bayani a ƙasar da kowane yaro ya ga ragon layya. Kurciya ma haka, da zangarniyar alkama, da makullan Bitrus. Kifi kuwa sai katikis ya bayyana cewa haruffan sunansa a Helenanci su ne farkon kalmomin da ke shaida Yesu Kristi Ɗan Allah Mai Ceto. Kwasakwasa da ke ciyar da 'ya'yanta da jinin ƙirjinta tsohuwar tatsuniya ce da Kiristocin dā suka ɗauka misalin Jibin Ubangiji, manominmu kuwa tsuntsuwa kawai zai gani. Akwai kuma batun fuska. Idan kullum Yesu da Budurwa Maryamu Turawa ne a bangonmu, muna koya wa 'ya'yanmu abin da ba ya cikin katikizim. Fada Kevin Carroll na ƙungiyar SMA ya gane wannan tun a shekara ta 1947, lokacin da ya fara aiki da masassaƙan Yarabawa a Oye-Ekiti, Yusuf Grillo kuma, wanda ya yi karatun zane a Zariya ya rasu a 2021, ya yi wa majami'un Legas tagogin gilashi. A babbar majami'ar Shartar ta Faransa, wadda aka sāke ginawa bayan gobarar 1194, ana ganin masu gasa burodi da dukawa da mahauta a ƙasan wasu tagogi suna kan sana'arsu. Me zai hana a ga mai garma da mai daka a tamu?

Saura kuɗi, kuma a nan ne ba za mu faranta wa samarinmu rai ba. Gaskiya ne Ubangiji ya kāre Maryamu ta Betanya sa'ad da Yahuza ya yi gunaguni a kan man ƙanshi mai tsada, talaka ma yana da hakkin ganin abu mai kyau a ɗakin Ubansa. Amma Yohanna Kirisostom ya gargaɗi jama'arsa kada su ƙawata bagade da zinariya alhali Kristi yana kwance a ƙofa da yunwa. Dayosis ɗinmu na Kano ƙarami ne a shekaru, a 1999 ya cika dayosis, majami'unmu na ƙauye da yawa kuma har yanzu da gumin damina ake gina su. Ikilisiyar da ta yi wata uku ba ta biya katikis ba, ko matanta ke tafiya mai nisa neman ruwa, ta sa tagar katako ta jira.

Inda an sauke waɗannan nauyin, shawararmu ita ce taga ɗaya tak, ƙarama, a bangon gabas, mai ɗauke da ɗan rago ko kurciya. A sa ta sama inda hannu ba ya kaiwa, don kada wani ya shafa ta yana neman sa'a kamar laya. Ranar da za a albarkace ta, a zaunar da dattijon da ya yi tambayar a sahun gaba, a bar shi ya sāke yin ta a gaban jama'a kafin katikis ya tashi ya amsa.