Hatimi a Kan Takarda: Nauyin Gaskiyarta Yana Wuyan Wa?

 

Da wuya sati ya fita ba a tare mu a ƙofar masallaci da maganar takarda ba. Wannan ɗansa ya samu gurbin karatu a Madina ko Azhar, an ce sai an buga wa takardunsa hatimi. Wancan wansa ya rasu a Abijan ko Kumasi ya bar gida da kanti, magada suna son su wakilta mutum guda ya je ya karɓo haƙƙinsu, an ce sai da takardar wakilci. Hanyar kuwa doguwa ce. A kai takarda meri ko komisariya, a gwada ta da ta asali, a manna tambur, a sa hannu. In yarjejeniya ce mai nauyi, kamar cinikin gida, a je wurin noter, wato masanin doka da hukuma ta ba izinin rubuta irin waɗannan takardu da adana su. In waje za ta, sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Yamai, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta.

Wasu kan ce duk wannan al'adar Nasara ce, maganar Musulmi ai ta isa. Muna ganin wannan zance bai yi wa addininmu adalci ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai ne farkon waɗanda aka umurta da haka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Akasarin malamai sun ɗauki umurnin a kan mustahabbi, wasu kamar Ɗabari suka ce wajibi ne. Ya tabbata kuma a Buhari cewa lokacin da Annabi (SAW) ya yi nufin rubuta wa Rumawa wasiƙa, aka shaida masa ba sa karanta wadda ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa yana hatimce wasiƙunsa da shi. Bai ɗauki sharaɗin nasu a matsayin raini ba. Malamanmu na Malikiyya sun mai da rubuta wasiƙoƙin shari'a fanni mai zaman kansa. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya wallafa littafi sukutum a kai, kuma har yau a Maroko akwai adilai da ke rubuta aure da gado da ciniki. Saboda haka wanda ya ji kunyar ce wa ɗan'uwansa "mu rubuta", kunyar ba ta da gurbi. Mutuwa da mantuwa ba su san amini ba.

Amma abin da ya fi damun mu daban ne. Jama'a sun ɗauka cewa hatimi na wanke takarda: da zarar an buga, abin da ke ciki ya halatta. Mu duba abin da kowane hatimi ke faɗi. Ma'aikacin meri cewa yake yi wannan kwafi ya yi daidai da na asali, ko wane ya sa hannu a gabansa. Ma'aikatar harkokin waje cewa take yi sa hannun ma'aikacin nan nasa ne. Jakada kuma ya gaskata na ma'aikatar. Ko yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ta taƙaita hanyar zuwa hatimi guda tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta, kamar Saudiyya da ta shiga a 2022, iyakarta tabbatar da sa hannu da muƙamin mai shi. Duk cikinsu ba wanda ya ce labarin da aka rubuta gaskiya ne. Masu ilimin hadisi za su gane abin da sauri: isnadi ne, kowa na karɓa daga na gabansa. In ka bi shi har tushe, mutum biyu za ka tarar sun tsaya gaban alƙali ko noter sun ce "mun sani".

To, waɗannan biyun mu ne. Mu ne ake kira daga rumfa, a ce don Allah zo ka shaidi yaron nan, shekara uku kawai za a rage masa don ya samu shiga jarrabawa. Mu ne ake kai wa takardar gado da aka tsallake sunan ɗiyar da ta yi aure nesa, wai don kada aiki ya daɗe, in kuɗi sun zo za a ba ta nata. Mai yin haka yakan ce taimako ya yi, kuma takardar gwamnati ce, ba shaidar shari'a ba. Ina bambancin? Gurbin da yaron ya samu, na wani yaro ne da ya faɗi shekarunsa na gaskiya. Ɗiyar kuwa, ranar da ta zo neman haƙƙinta za a fito mata da takarda mai hatimi huɗu da ke cewa babu ita, kuma warware irin wannan takarda sai an sha wuya, sai mai hali. Ƙaryar baki kan mutu da mai ita. Wadda aka hatimce tana nan cikin ajiya, jikoki su gaje ta. Sannan duk takardar jabu da aka kama a ofishin wata ƙasa, takardun ƴan ƙasarmu duka take jawo wa tuhuma, har da na ɗalibin da bai ci ba bai sha ba. Kowa ya san hadisin da Annabi (SAW) yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa.

Akwai mas'ala guda da ba za mu tsallake ba, don tambaya ce ta gaskiya. Mutum an haife shi a ƙauye, ba a rubuta ba, iyaye sun rasu, ga shi yana neman fasfo na hajji. In kowa ya ce bai san rana ba, ya ƙi tsaya masa, an zalunce shi, kuma aya ta 283 ta hana ɓoye shaida. Mafita ita ce shaida ya faɗi iyakar saninsa ya tsaya nan: ɗan wane ne da wance, a garin kaza, da damanar shekarar da Shugaba Kunce ya rasu, wato 1987. Sauran aikin alƙali ne. Tsofaffin takardunmu da yawa ai "wajen shekara kaza" aka rubuta a kansu, ba wanda ya yi ƙarya.

Haka nan mai dangwala yatsa a kan takardar Faransanci da bai iya karantawa ba, shi ma shaida ne a kan kansa. Ayar bashi ta sa wanda haƙƙi ke kansa shi ya yi shifta, in ba ya iyawa waliyyinsa ya yi masa da adalci. Haƙƙinsa ne ya ce a fassara masa da Hausa, layi bayan layi, ko da na bayansa a layi sun ƙosa, musamman takardar wakilci: a ambaci gidan da za a sayar, da sunan kowane magaji, da ranar da wakilcin zai ƙare.