Ban Kai Ba

A watan Janairu na 2023, wata Juma'a da sassafe, mu ashirin da bakwai muka tsaya a gindin ɗaya daga cikin duwatsun Markhiyat da ke bayan garin Omdurman. Dukanmu ɗalibai ne masu karatu a Khartum, yawanci 'yan Najeriya da Nijar da Chadi, sai 'yan ƙasa kaɗan. Mu muka shirya tseren da kanmu, muka yi karo-karo muka sayi ɗan ƙaramin kofi, muka ce duk wanda ya riga kowa taɓa wani tulin duwatsu da ke can ƙololuwa shi ne gwani. Ni ne na zo na goma sha tara.

Da wani ne ya zo na goma sha tara ba za a yi zancen ba. Matsalar ita ce ni ne aka sani da gudu a cikinmu. Kusan shekara biyu ina fita bayan sallar asuba ina bin Titin Nilu har mahaɗar koguna biyu a Mugran in dawo, kuma babu wanda ya taɓa riƙe ni a wannan hanya. Na cika baki iya cikawa. Har na gaya wa mutanen ɗakinmu inda zan ajiye kofin. Akwai wani yaro ɗan Katsina da muke ɗaki ɗaya, na girme shi da shekara huɗu, ni na fara jan sa zuwa gudu, ni na ba shi tsohon takalmina. Shi ya zo na uku.

Abin da ya faru a kan dutsen ba shi da wuyar bayani. Khartum gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, duk atisayen da na yi a fili na yi shi. Hawa kuwa wani aiki ne daban. Kowane taku sai ka ɗaga nauyin jikinka gaba ɗaya, cinyoyi su ɗauki zafi, zuciya ta buga fiye da yadda ta saba, tsakuwa kuma tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Masu hankali sun gajarta taku, sun fara a hankali, wasu har tafiya suke yi suna dafa gwiwa a inda ya yi tsayi. Ni kuwa na zabura kamar a kwalta. Kafin rabin hanya numfashi ya ƙwace mini, na tsaya ina haki, ina kallon waɗanda na raina suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba, in ji mutanen garinmu, ranar na san ma'anarsa da ƙafata.

Amma ba faɗuwar ce ta sa ni wannan rubutu ba, abin da na yi bayanta ne. Da na iso sama, kafin kowa ya tambaye ni, sai na fara ɗingishi. Na ce na yi targaɗe a ƙasa. Ƙarya nake yi, ƙafata lafiyarta ƙalau. Yaron nan ɗan Katsina ya baro masu yi masa barka, ya zo ya durƙusa yana duba idon sawuna, yana cewa, "Sannu Yaya, ai da ba don wannan ba babu mai kamo ka." Ya riƙe ni muka sauko. Ni kuma na rufe zancen da cewa, "Ba komai, Allah ne bai yi ba."

Wannan kalma ita ce na kwana da ita. Mu Hausawa muna da ita a baki kullum, kuma gaskiya ce tsantsa, domin babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma me muke nufi idan muka faɗe ta? Na lura tana fita daga bakin mutum iri biyu. Akwai wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya duba ya ga babu abin da ya rage, sai ya miƙa wuya ya huta. Akwai kuma wanda ya san inda ya yi sakaci, ba ya so a duba wurin, sai ya jawo ƙaddara ya lulluɓe shi da ita. Lafazinsu ɗaya, amma na farko tawakkali yake yi, na biyu ɓuya yake yi. Mun taso muna jin labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure tukuna sannan ya dogara. Ni ban ɗaure ba, kuma da raƙumin ya ɓace sai na ce ɓarayi ne.

Wani zai ce ai an hana mu yawan "da na sani", an hana mutum ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza ya faru. Haka ne. Sai dai abin da aka hana shi ne cizon yatsa irin na wanda ke ganin da dabararsa zai juya hukuncin Allah, ya zauna yana cin ransa a kan abin da ya wuce. Ba a hana mutum ya yi wa kansa hisabi ba. Ɗan kasuwar da ya yi asara ya ƙi buɗe littafinsa don wai ya yarda da ƙaddara, baɗi ma asarar zai yi.

A 'yan kwanakin da suka biyo baya na nemi abin da zan rarrashi kaina da shi, sai na tuna da labarin Abubakar Kaki, wanda duk mai son gudu a Sudan ya san sunansa. A 2008, yana ɗan shekara 18, ya ci gasar duniya ta cikin ɗaki a tseren mita 800 a birnin Valencia, sannan a watan Yuni ya yi minti 1 da daƙiƙa 42.69 a Oslo, lokacin da babu matashin da ya taɓa yin irinsa a duniya. Kowa ya sa ran shi zai kawo wa Sudan lambar Olamfik ta farko a Beijing. Sai ga shi ko zagayen ƙarshe bai kai ba. Ɗan ƙasarsu Isma'il Ahmad Isma'il, wanda ba a cika zancensa ba, shi ya zo na biyu ya kawo lambar azurfa, bayan Wilfred Bungei na Kenya da ya yi minti 1 da daƙiƙa 44.65. Bayan shekara huɗu, a Landan, Kaki ya kai zagayen ƙarshe, ya yi minti 1 da daƙiƙa 43.32. Da a Beijing ya yi wannan gudun da zinare zai ɗauka da tazara. A Landan kuwa na bakwai ya zo, domin ranar ce David Rudisha ya kafa tarihin duniya da minti 1 da daƙiƙa 40.91.

Darasin a fili yake. Matsayin da ka zo ba a hannunka kaɗai yake ba, ya danganta da waɗanda Allah ya haɗa ka da su a layi. Gudu ɗaya zai iya zama zinare bana, ya zama na bakwai baɗi. Wanda ya auna darajarsa da matsayi ya ɗora ta a kan ƙafafun wasu. Na so ƙwarai in fake da wannan, in ce ni ma irin ta Kaki ce ta same ni. Amma da na zauna ni kaɗai sai na ga ban cancanci wannan rarrashin ba. Kaki a Landan ya bayar da duk abin da ke jikinsa aka fi shi. Ni ko sau ɗaya ban je na taka dutsen ba kafin ranar tsere, alhali yaron da na raina ya je sau huɗu a motar haya, ya kuma gayyace ni na ce ba na bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya ƙarasa warware mini zancen wani dattijo ne mai sayar da agashe a Omdurman. Agashe shi ne tsiren Sudan, Hausawa ne suka kai shi can, sunan ma daga "a gashe" ya fito. Dattijon Bahaushe ne haifaffen Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a Burmi a 1903. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa da daɗi. Nakan je wurinsa in ci nama mu yi hira. Da ya ga ina ɗingishi ya tambaye ni, sai na kasa maimaita masa ƙaryar, na gaya masa komai.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ci gaba da juya namansa, can ya ce, "Ɗana, kakana da ƙafa ya taso daga ƙasarku da niyyar Makka. Ya yi shekaru a hanya, guzuri ya ƙare a nan, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara na jirgin ruwa. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, har ya rasu bai tsallaka teku ba. Mutanen nan kowane Bahaushe suka gani Alhaji suke ce masa. Shi kuwa duk wanda ya kira shi Alhaji sai ya ce, a'a, ban kai ba tukuna. Ba ya faɗa da kunya, ba ya kuma kawo dalili."

Na ce, "Baba, to bai ji ciwon abin ba?"

Ya ce, "Ya ji mana. Har ya tsufa in alhazai suka dawo yakan yi shiru kwana biyu. Amma ciwo daban, ƙarya daban."

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutumin nan ya rasa abin da ya fi kofin tsere nesa ba kusa ba, burin rayuwarsa gaba ɗaya. Ana miƙa masa sunan kyauta, babu mai bincike, ya ƙi karɓa. Kuma bai ce abin bai dame shi ba. Mu kuwa idan muka faɗi, hanyoyi uku muka fi bi. Ko mu ƙirƙiro dalili, ko mu ɗora wa wani, ko mu ce dama abin ba shi da muhimmanci. Na ukun ya fi sauran kama da hikima, shi ya sa ya fi su haɗari. Wanda ya yi wata shida yana shiri sannan ya ce dama wasa ne, ya ƙaryata kansa na jiya, ya kuma rage wa wanda ya ci darajar cinsa. Ni ma abin da targaɗen ƙaryata ya yi ke nan. Ya sace wa yaron nan nasararsa, domin har a zuciyarsa ya yarda cewa rauni ne ya ba shi hanya.

Saboda haka na raba abin da ya same ni gida uku. Akwai abin da ba nawa ba, wato ƙarfin ƙafafun sauran da irin jikin da Allah ya ba kowa. Wannan shi ne wurin "Allah bai yi ba", kuma a nan kalmar magani ce. Akwai abin da yake nawa kafin tsere, wato girman kai da rashin shiri, wannan gyara yake so. Sai abin da yake nawa bayan tsere, wato abin da na faɗa wa mutane. A wannan na ukun babu dutse, babu tsakuwa, babu abokin hamayya, ni kaɗai ne, kuma a nan na yi faɗuwar da ta fi muni.

Da dare na sami yaron a ɗaki yana bitar karatu. Na ce masa ƙafata ba ta taɓa yin komai ba, ya fi ni ne kawai, kuma ya yafe mini. Ya yi shiru yana kallona, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai na lura. Da muna saukowa da hagu kake ɗingishi, da muka iso mota ka koma dama." Ashe ya sani tun ranar, ya rufa mini asiri, yana ta kawo mini ruwan zafi. Wannan ya fi na goma sha tara ɗin kona ni, amma daren na yi barci.

Muka yi alkawarin za a sake tseren bayan ƙaramar salla. Na fara bin sa Markhiyat duk Juma'a, yana koya mini yadda ake gajarta taku da inda ake tafiya maimakon gudu. Na sa a raina cewa a karo na biyu zan wanke kaina. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Bayan kwanaki muka fita a motocin safa zuwa iyakar Masar, kowa da 'yar jakarsa. Mu ashirin da bakwai ɗin nan mun watse a ƙasashe, karatun wasu ya tsaya, dattijo mai agashe ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Shi ya sa ba na yarda da rarrashin da ake yi wa wanda ya faɗi da cewa ai zai rama a gaba. Wataƙila ya rama, wataƙila babu gaban. Da a kan ramuwa na jingina kwanciyar hankalina, da har yau ina ɗingishin ƙarya, ina jiran tseren da ba za a yi ba. Abin da ya rage mini daga dutsen nan shi ne na goma sha tara, kuma haka zai zauna. Har yanzu in na tuna nakan ji ba daɗi. Amma idan hira ta kawo zancen, aka tambaye ni yadda ta kaya, nakan ce na fara da gaggawa, ban yi shiri ba, ƙanena ya wuce ni, ban kai ba.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da mutanenta gidajensu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan kanmu.