Dukiyar Sarki Da Kukan Talaka

'Yan makaranta, ga wata tambaya da muke so ku juya cikin zukatanku. In an aiko mutum ya binciki ma'aikacin hukuma, hakkin wa ya zo nema, na mai mulki ko na wanda ake mulka?

Turawan Fotugal sun daɗe da haɗuwa da wannan matsala. Sun ci birnin Gowa na ƙasar Indiya cikin 1510, daga Lisbon zuwa can kuwa tafiyar wajen wata shida ce cikin jirgin ruwa. To, ƙaƙa sarki zai san abin da wakilinsa ke aikatawa? Sai suka yi dabara. Akan naɗa gwamna shekara uku, in ya sauka a sa alƙali ya zauna ya ji shaidu a kansa. Cikin 1642 kuma aka kafa majalisa ta duba al'amuran ƙasashen ƙetare. Lalle dabarar ta yi kyau a takarda. Amma mai shaida ya san alƙali baƙo ne, gobe zai tafi, abokan gwamna kuwa suna nan.

Mu ma nan ƙasar Yako mun ga irin wannan. Bayan da Turawan Ingila suka fasa Bebeji suka ci Kano cikin 1903, aka fid da hakimai daga birni suka zauna gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka yanka musu albashi, Di'o ya riƙa fita rangadi. Ba mu ce abin bai yi amfani ba. Amma ku dubi yadda rangadin yake a wancan zamani. Hakimi ke sa a share masauki, shi ke tara jama'a, masinja kuwa ya tsaya tsakanin bakin talaka da kunnen Bature. In haraji ko jangali ya gaza, littafi zai tona, har rawani ya kan faɗi. In kuwa dagaci ya karɓi sule biyu bisa abin da aka yanka wa manomi, wane littafi ne zai gaza? Kuɗin hukuma sun cika cif. Manomin kuma ya san wanda zai yanka masa harajin baɗi.

Shi ya sa muke ganin binciken nan biyu duk asarar sarki suka fi iya gani. Wani malamin makaranta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe cikin majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara En'e, don a cewarsa ba a sauraron talaka. Shekara arba'in da bakwai ke nan bayan cin Kano.