Na Goge Shafina, To Shi Ke Nan?

 A wannan fitowa ina so mu duba wata tambaya da ɗalibai suke yawan kawowa bayan an tashi daga karatu: "Malama, in na goge shafina na Facebook, ko na rufe WhatsApp, abin da na taɓa sakawa ya tafi ke nan?" Wata hotunanta na 'yammatanci ne suke damunta, wata maigida ne ya ce ta sauka, wata kuwa rigima ta yi da kishiya ko dangin miji, ta zazzaga magana a sitatus, yanzu an shirya tana jin kunya.

Amsar ba ta da daɗi, 'yar uwa. Naki ne yake tafiya, na hannun mutane yana nan. Facebook da kansa ya bayyana cewa in kin nemi a goge miki shafi zai jira kwana 30 ko za ki sake shawara, sharewar kuma tana iya kai kwana 90, sannan saƙonnin da kika aika wa ƙawaye suna nan a wajensu. A WhatsApp ma haka ne. Damar nan ta goge saƙo ga kowa ba ta wuce kamar kwana biyu, kuma ba ta bin abin da aka riga aka tura gaba ko aka ɗauki hotonsa. Hoton bikin da kika saka a Dingaya da hantsi, kafin azahar yana Gwaram, yana Birnin Kudu, ƙila ma ya shiga kwamfutar yaron da yake tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a kasuwar Sara. Ta ina za ki bi shi? Magana zarar bunu ce, tun kafin a ƙera waya iyayenmu suka faɗa.

To ko doka za ta taimaka? Tana taimakawa, amma da iyaka. A shekarar 2014 babbar kotun Tarayyar Turai ta ba wani mutumin Sifen gaskiya a kan Google, saboda duk wanda ya nemi sunansa sai tsohuwar sanarwar gwanjon gidansa ta 1998 ta fito, alhali ya daɗe da biyan bashin. Kotu ta ce a daina nuna ta ga mai neman sunansa, amma jaridar da ta buga ba a ce ta cire ba. A nan Najeriya ma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba ki damar neman kamfani ya share bayananki. Kamfani fa aka ce. Babu takardar da za ki rubuta ta shiga memorin maƙwabciyarki.

Wannan ne ya kawo ni inda nake so mu tsaya. Tunda gogewar gaskiya ba a hannun mai abu take ba, to a hannun wa take? A hannunki, ke da aka turo wa.

Ku tuna abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita. Da gangan ban ambaci sunanta ba. A lokacin babu WhatsApp, daga waya zuwa waya aka riƙa tura shi ta Bluetooth, har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sa aka dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni. An yi ta wa'azi a kan wadda ke cikin bidiyon, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dubban yatsun da suka danna "tura". Kowanne yana cewa ai ba ni na ɗauka ba, gani kawai na yi na nuna wa wane. Shekaru sun shuɗe, Allah kaɗai ya san tsakaninta da Shi, amma har yau in zancen ya taso sai a sami mai cewa bari in nemo miki. Ina tambaya, wane ne yake sabunta laifin a yau, ita ko mai nemowa?

A cikin Suratun Nur, inda aka kawo ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba waɗanda suka ƙirƙiri zancen kaɗai aka yi wa faɗa ba. Har da waɗanda suka karɓa da baki suka miƙa gaba suna ganin abin ba komai ba ne. Idan 'yar uwarki ta goge hoto ko magana, ta gaya miki da aikinta cewa ta janye. Daga wannan lokacin abin da ya rage a wayarki amana ne. Ki ajiye shi shekara uku, ranar da aka zo neman auren 'yarta ko ranar da kuka saɓa a kan kuɗin adashe ki zaro shi, wallahi wannan ba tsoron Allah ba ne, ko da kin sa masa sunan nasiha. (Mu mata mun iya wannan, mu daina ɓoyewa. Akwai wadda wayarta rumbu ce guda ta laifin mutane, nata karatun ko hizifi ɗaya babu.)

Wata za ta ce, to Malama, in abin hujja ce fa? Wannan magana ce mai ƙarfi, ba zan ture ta ba. Matar da miji ya aiko wa saki ko barazana ta waya sannan ya goge, ko wadda aka ci bashinta aka musa, ta riƙe hujjarta da kyau, kada ma ta bari ta ɓace. Sai dai hujja wurinta gaban waliyyi ne, ko mai unguwa, ko alƙali. Guruf ɗin ƙawaye ba kotu ba ne.

Ke kuma mai gogewa, kada ki ɗauka danna madanni ya wanke ki. Malamai sun ce tuba tana buƙatar nadama, da dainawa, da ƙudurin rashin komawa, in kuma akwai haƙƙin wani a ciki sai an mayar. In hotonki ne ke kaɗai, ki goge, ki roƙi waɗanda kika san suna da shi su goge, abin da ya fi ƙarfinki ki bar wa Allah, kada waswasi ya hana ki barci. Amma in sunan wata kika ɓata a gaban mata ɗari biyu, sai ki sulale cikin dare ki rufe shafi, to ke kin huta, ita kuwa tana nan da tabon. Inda aka yi ɓarnar nan ake gyara. Ki koma guruf ɗin, ko ki yi murya ki ba wata ta saka, ki ce abin da na faɗa a kan wance ba haka ba ne. Da ciwo, na sani, kuma gyaran ba zai yi gudun da ɓarnar ta yi ba, domin mutane sun fi saurin tura abin kunya a kan tura neman afuwa. Duk da haka sai an yi.

Kada kuma a ce na tsoratar da ku daga waya gaba ɗaya. Rashin goguwar nan ba sharri ne zalla ba. A cikin 2007 ɗin nan, a watan Afrilu, aka kashe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacinsa na Ɗorayi a Kano, amma ga shi har yau ana jin tafsirinsa a wayoyin mata suna tsince shinkafa, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da ya yi karatun. Hanyar da ta riƙe wancan bidiyo ita ce ta riƙe wannan karatu, sau da yawa ma a memori ɗaya.