Kwanon Sallah da mai ciwon suga

Duk shekara, Sallah na wucewa da kwana biyu ko uku, sai mu fara jin sanarwa bayan sallar asuba: wane yana kwance, suga ya tashi. Mu je dubiya, mu yi addu'a, mu fito muna cewa ai shi ma ba ya kiyayewa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, a gidan wa ya ci abin da ya kwantar da shi? Sau da yawa a gidajenmu ne, mu masu dubiyar.

A nan Sabo yawon Sallah ba wasa ba ne, domin a zaman kurmi zumunci shi ne jarinmu. Dattijo zai shiga gida biyar kafin la'asar. A na farko masa da miyar taushe, a na biyu tuwon shinkafa, a na uku fura da ta sha sukari. Maƙwabtanmu Yarbawa masu bikin Ileya su aiko da dafa-duka, in Disamba ce kuma kwanon Kirsimeti ya iso. Kowane kwano da lemon kwalba a gefensa. Mu da muke sayar da shi kiret-kiret ya kamata mu sani: ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙwaya 8 ko 9. Wa zai jefa wa baƙonsa ƙwaya 9 a kofin shayi? Amma in a kwalba ne, da hannu biyu muke miƙawa.

Baƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Mu ce, "Haba Alhaji, ko loma ɗaya, Sallah ce fa." In ya ƙara noƙewa sai mu haɗa shi da Allah. Mutumin da aka haɗa da Allah a gaban jama'a, ga shi ya san uwargida tun asuba take gaban murhu, da wane baki zai ƙi? Kunya ce ta ci abincin nan, jikinsa kuma ya biya.

Wani zai ce ai babba ne, ya san ciwonsa, ba ɗura aka yi masa ba. Haka ne, kuma ba mu wanke shi ba. Mun san masu fakewa da Sallah su ajiye magani, su ce Allah ne mai tsarewa, alhali jikin nan amana ne a hannunsu. Sai dai mu ma mu tambayi kanmu, karamcin nan don wa muke yin sa? In don baƙon ne, to ba za mu so ya bar gidanmu da abin da sannu a hankali yake taɓa ido da ƙoda, yake hana gyambon ƙafa warkewa ba. In kuwa don kada a ce an je gidan wane ba a ci komai ba ne, to sunanmu muke karewa da lafiyar wani.

Waɗanda suka karanta Risala a zaure za su tuna cewa ko a walimar aure, wadda amsa gayyatarta ya fi ƙarfi, malam ya bar wa wanda aka gayyata zaɓi a kan cin abinci. Zuwan shi ne haƙƙi. Shari'ar da ta yardar wa mara lafiya ya ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya, ba za ta ɗora masa cinye kwanon masa don ranmu ya yi daɗi ba.

Ciwon nan bai hana shi cin Sallah ba. A ba shi tsokar nama a cire kitsen, a cika masa ganye, zogale ko alayyahu, da wake, shinkafar kuma 'yar kaɗan. Kuma kada tsoro ya sa ya yini bai ci komai ba. Mai yin allurar insulin, ko mai shan wasu daga cikin ƙwayoyin suga, in ya tsallake abinci sugan nasa yana iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da zufa da jiri. A wannan lokacin lemon da muke hana shi, shi ne taimakon gaggawa. Shi ya sa tambayarsa ta fi: "Alhaji, me za ka iya ci?"

A gidanmu bana mun roƙi uwargida ta raba zoɓo tukunya biyu, ɗaya ba sukari. Ta ce ba mai shan sa, asara ce kawai. Mun ce ta dai ajiye kusa da tabarmar dattawa.